Agogon da Alhaji Badamasi Ya Sallama

Albarika, Parakou
8 ga Agusta, 1977

Zuwa ga taubashina Idrisu mai goro,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Mairo da yara, da Gwaggo.

Albishirinka! Na dawo daga Kwatano da agogo na goma sha uku. Ruwan zinariya ne, yana nuna kwanan wata, kuma ba sai an murɗa shi ba, motsin hannu kawai yake ci. Da na shiga kara jiya, dillalan shanu suka bar ciniki suka kewaye ni. Har shugaban gar, wato tashar jirgin ƙasa, mai digiri, sai da ya riƙe hannuna yana juyawa. Ni da na bar lakwal a aji uku na sakandare!

Akwatina gida goma sha biyu gare shi, dole ɗaya ya fita. Na ba direba Ɗanbala tsohon nan mai baƙin maɗauri ya kawo maka, wanda na fara saye lokacin ina koro shanun mutane a ƙasa. Ka nema masa mai saye a Djougou. Duk yadda ka yi daidai ne, na sallama.

Ka zauna lafiya.
Ubangidanka, Alhaji Badamasi


Djougou
13 ga Agusta

Alhaji mai agoguna,

Salamu alaikum. Ubangidan wa? Ni na goya ka kana majina.

Kayanka ya shiga. Malam Usuman Tambaya, ladanin masallacin unguwarmu, shi ya saya, saboda azumi ya matso kuma hadarin bana ba ya barin a ga rana. A gaban mutum huɗu na ce masa mai shi ya sallama, aka shafa fatiha. Ka gan shi yanzu, hannun riga a naɗe har gwiwar hannu, ko ba ka tambaye shi lokaci ba sai ya faɗa maka.

Gwaggo ta ce a tambaye ka, hannu nawa Allah ya ba ka?

Naka, Idrisu


Parakou
19 ga Agusta

Idrisu,

Gaisuwa, da barka da shan ruwa. Ka karanta wannan kai kaɗai.

Ka karɓo mini agogona. Yau, ba gobe ba!

Jiya Alhamis jirgi ya tafi ya bar ni da shanu talatin a bakin gar. Ni Badamasi, da shekara ashirin ban taɓa rasa wagon loda shanu ba! Ga abin da ya faru. Tsohon agogon nan yana gudu da minti biyu kowace rana. Ran Juma'a nake daidaita shi da agogon gar, daga nan kaina yake ragewa: Asabar biyu, Lahadi huɗu, har Alhamis goma sha biyu. Na daɗe da daina sanin ina yi, kamar numfashi. To jiya na dubi sabon, kaina ya rage goma sha biyu, na zauna ina gardamar bajimi da wani Bafillace. Ina isowa sai hayaƙi.

Sauran goma sha ɗayan na ado ne, ran Juma'a da biki. Da wancan na yi aiki, shi ya san ni. Ka ba Malam Usuman wanda ya fi shi, ka ce ya zaɓa.

Ina jira da ɗokin gaske.
Badamasi


Djougou
24 ga Agusta

Alhaji,

Salamu alaikum. Na yi dariya har Mairo ta leƙo. Sannan na daina, don nan ma an yi ta.

Na kai wa Malam maganar musanya ranar da takardarka ta zo. Ya ce, "Ba Alhajin nan ba ne ake cewa in ya ce ya sallama ko ɗansa ne ya tafi?" Na tashi na dawo.

To shekaranjiya Litinin hadari ya rufe gari tun la'asar. Malam ya dubi agogo, ya hau ya kira magariba. Unguwa duka ta kai kunu baki. Ina cikin ƙosai na biyu sai hadarin ya yage ta yamma, ga rana ja wur, zaune a kan rimin kasuwa. Tsohuwa Ummuhani ta fito da ludayi a hannu tana cewa, "Malam, wannan ta gobe ce ta yi sammako?" Liman ya ce kowa zai rama ranar bayan salla.

Malam bai fito ba jiya sai da aka aika. Ya ce an sayar masa da abu mai aibi an ɓoye.

Ga ƙofa ta buɗe maka, taubashi. Liman ya ce in mai kaya ya amsa cewa ya san aibin bai faɗa ba, ciniki ya warware, agogo ya koma. Amma a rubuce, a karanta a ƙofar masallaci, don a wanke Malam. In ka yi shiru, ni zan ce ban sani ba, kai ma ba ka sani ba, agogo ya zauna inda yake. Ka tuna mahautan Djougou rabinsu a hannunka suke sayen shanu, kuma a sahun gaba suke salla.

Idrisu


Parakou
27 ga Agusta

Idrisu,

Gaisuwa. Na yi kwana biyu ina zagaya takardarka. Dabba ba ta taɓa dawo mini ba, ko mai tari ce sai na faɗa kafin a taya. Amma bawan Allah yana ɓoye a ɗaki saboda ni. Kuma, in faɗa maka gaskiya, hannuna har ƙaiƙayi yake. Ka karanta wannan da ƙarfi, kada ka ci rabi:

"Jama'ar masallaci, salamu alaikum. Ni Alhaji Badamasi na Parakou, na san agogon nan yana gudu, ban faɗa ba. Malam Usuman ba shi da laifi, ku yafe mini azuminku. Sai dai ban yarda a kira shi mai aibi ba. Bai taɓa tsayawa ba, ko a ruwa ko a rana. Minti biyu yake ƙarawa a yini, ba ɗaya ba, ba uku ba, shekara ashirin. A daidaita shi ran Juma'a, a rage biyu kowace rana, ba agogon da zai kama ƙafarsa a ƙasar nan, har na zinariyar da ke hannuna."

Ka naɗe shi a ƙyalle mai taushi ka ba Ɗanbala ran Asabar. Na sa an yi masa sabon maɗauri. Zan je tasha da kaina!

Naka, Badamasi


Djougou
3 ga Satumba

Alhaji,

Salamu alaikum. Kada ka je tasha.

Na karanta jiya bayan an sauko daga Juma'a, ban ci ko harafi ba. Mahauta suka ce sai Alhaji, Liman ya sa maka albarka, Malam ya yafe har da hawaye. Na miƙa hannu in karɓa, sai ya saukar da hannun rigarsa. Ya ce shi ya yi ƙarar, ya janye. Abu mai irin wannan amana, tunda yanzu ya san halinsa, ba ya rabuwa da shi.

Yana gaishe ka. Ya ce in tambaye ka, ran Juma'ar kafin a tafi masallaci kake daidaita shi, ko bayan an dawo?

Naka, Idrisu