Gwangwanin Sinimar Damagaram

St. George, Litinin

Raudatu 'yata,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya maigidanki Mukhtari da kasuwarsa ta titi mai lamba 125? Ni ƙugun ya fara ɗaukata, jiya na taka har taga na ga jirgin ruwa. Kada ki wahalar da kanki da kira, kin san kunnuwan nan sun riga ni yin ritaya. Ki rubuto, Mukhtari ya kawo.

Albishirinki. Akwai nas a gidan jinyar nan, Adjoa, 'yar Kumasi mai Hausar zango. Na ba ta labarin gwangwanina na fim da ke ƙarƙashin gadona a gida, ashe ta san wata baturiya mai aiki a gidan adana tsofaffin finafinai. Ran Alhamis za ta zo da na'ura ta haska mana a bango. Ta ce irin waɗannan finafinai marasa magana yawancinsu sun ɓace, ƙila nawa kaɗai ya rage a duniya.

Shekara hamsin da biyu rabona da ganinsa! Da shi na fara aiki a sinimar Damagaram, ina tsayawa gefen allo ina ara wa mutanen ciki baki. Wani matuƙin jirgi ne ya shiga rijiya neman ƙanensa, ga wata halitta a ƙasa tana jira. In na yi muryar halittar, mata har takalma suke bari. Da aka rufe sinimar, patron, wato mai sinimar, ya ce in ɗauka ladan wahala.

Ki ba Mukhtari shi ran Laraba. Kada a buɗe.

Kawunki,
Abdou

Tremont, Talata

Kawu,

Ina gaishe ka da girmamawa, Allah ya ƙara sauƙi. Mutanen masallaci suna ta tambayarka. Ɗakinka tsaf yake, na wanke labule da darduma, har bayan firiji na share. Na sa maka yaji da dabino a leda.

Maganar gwangwani kuwa, ko a ɗaga zuwa wani makon? Yana da nauyi, ga Mukhtari yana fama da baya. Kuma ka ga jikinka bai gama ƙwari ba.

Ka huta lafiya.
Raudatu

St. George, Laraba

Raudatu,

Gaisuwa. Yajin ya iso, an gode.

Mukhtarin da ke hawa jirgin ƙasa da jakar huluna biyu kullum, shi ne gwangwani ya fi ƙarfinsa? Ya zo ya zauna gabana yana kallon takalminsa kamar yau ya saye su. 'Yata, na ci abinci da karanta fuskar mutanen da ba sa magana, kuma mijinki bai iya wasa ba.

In ya ɓata ne, faɗi. In an sace ne, faɗi. Adjoa ta riga ta shelanta wa duk tsofaffin gidan nan, har da masu keken guragu. Na mayar da Mukhtari, gobe da safe ya zo da gwangwani ko da gaskiya.

Abdou

Tremont, Laraba da yamma

Kawu,

Ina gaisuwa, kaina a ƙasa.

Bai ɓata ba, ba a sace ba. Ni ce. Tun ran Asabar, kafin takardarka ta zo.

Ka san a gida ba a barin mai jinya ya dawo ya tarar da ɗaki da wari. Da na ɗaga gadonka sai tsami ya buge ni, kamar kunun da ya kwana uku. Na bi warin har gwangwanin. Na ce kayan Kawu sun yi sanyi, maganinsu ruwa da rana. Na buɗe na warware naɗin fim ɗin, na haɗa ruwan ɗumi da sabulu, na bi shi da tsumma, na shanya a kan matakalar ƙarfe ta bayan taga. Wallahi har daɗi nake ji, ina cewa za ka sa mini albarka.

Tsumman na ga yana yin baƙi, na ɗauka datti ne, na ƙara dirzawa. Sai da na kai rabi na ɗaga wa haske, na ga fari fat. Kawu, mutanen ne suka biyo tsumman. Sauran rabin kuma rana ta nannaɗe shi ya manne, in an taɓa sai ya kakkarye.

Da na karanta "kada a buɗe", zama na yi a ƙasa. Ƙaryar bayan Mukhtari tawa ce, shi ya ce in faɗa tun farko. Kai ka riƙe ni tun rasuwar Inna, kai ka kawo ni ƙasar nan, abu ɗaya ka taɓa cewa naka ne, shi na lalata da hannuna. Kunya ta hana ni hawa jirgin nan in zo wurinka. Ga shi na naɗe abin da ya rage. Ban jefar da tsumman ba, yana ciki.

Ka yafe mini in za ka iya.
Raudatu

St. George, Juma'a

'Yata,

Gaisuwa. Na yafe, duniya da lahira. Niyyarki nake dubawa, ki daina kuka.

Baturiyar ta zo. Ta ɗaga fim ɗin da Mukhtari ya kawo a taga ta daɗe tana dubawa, ba ta ma jona na'urar ba. Amma tsofaffi sun riga sun taru, sai Adjoa ta rubuta mini a takarda: "Baba, faɗa masu labarin da baki, ni zan fassara."

Na miƙe da sandata. Na ɗaura wa matuƙin igiya, na zura shi, na yi muryar halittar har wata tsohuwa ta riƙe ƙirji. Sai na tsaya. Raudatu, ban san ko ya fito da ƙanen ba. Na lalubi kaina, babu. Shekarun nan duk ban damu in tuna ba, ina cewa ai yana cikin gwangwani.

Suna ta kallona, na koma na zauna. A rijiya na bar shi.

Ki zo Lahadi, ina son ganinki.

Kawunki,
Abdou