Ba Auduga Ba Ce a Kejin

Zuwa ga inuwata ta tsakar rana, sanyin idona, ruwan da na sha shekara ashirin da shida bai taɓa gundurata ba, zuwa ga baban yarana.

Aminci da rahamar Allah su lulluɓe ka a inda kake, su lulluɓe Yayanka da ka tafi jinya a gadon da yake kwance. Allah ya tashi kafaɗunsa, kai kuma ya saka maka da mafificin alheri.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga wadda kake jin muryarta a waya kullum. Bakina ne ya kasa, shi ya sa na roƙi hannuna.

Mako biyar ke nan da tafiyarka, ya hasken ɗakina, gidan ya koma kamar bishiyar da tsuntsaye suka ƙaurace wa. Agogunan da ke teburin gyaranka sun tsaya ɗaya bayan ɗaya, babu mai wana su. Nakan zuba shayi kofi biyu da safe, sai na ajiye buta nake tunawa. Wai haka kewa take a wannan shekarun? Na zaci ta 'yan mata ce!

Ka tuna ranar da ka shigo da Auduga a aljihun rigarka? Ka ce in buɗe tafi in rufe ido. Da na ji ƙananan ƙafafu suna yawo a hannuna na ƙwalla ƙara, na ce ɓera a hannun da nake alwala da shi! Ka yi dariya har da hawaye, ka ce, “Malama, wannan hamsta ce, ɓeran da ya samu tarbiyya.” Ka sa tafinka ƙarƙashin nawa don kada in yar da ita. Ban taɓa faɗa maka ba, amma ba don ita na daina jin tsoro ba. Ɗumin hannunka ne, irin ɗumin hantsi bayan an kwana ana ruwa.

To, masoyina, ka ƙarfafa zuciyarka. Auduga ta mutu, kwana goma sha ɗaya ke nan, kuma ni ce sanadi.

Ana gobe za ka tafi ka kira ni ɗakin kejuna, ka nuna mini abincinsu da ruwansu, na saurara. Da ka zo kan bayanin wanda ake haɗawa da wanda ba a haɗawa, ka ambaci barbara, sai na ja mayafi na rufe fuska, na ce na bar tukunya a wuta. Wallahi babu komai a wuta. Ni, mai jika biyu, na gudu daga maganar auren ɓeraye a gaban mijina! Na ɗauka kunya ce ta mutunci. Ashe wauta ce na yafa wa mayafi.

Kwana huɗu da tafiyarka na ga Auduga ita kaɗai tana gwaguyar ƙarfen kejinta, ga namijin nan, Malam Kumatu, a kejin gefe shi ma shi kaɗai. Girmansu ɗaya, zanen bayansu ɗaya, kamar uwa ɗaya ta haife su. Kaina na gani a cikinta, maigida. Na ce kaɗaicin da ke cin raina ba zan bar wata halitta a cikinsa ba. Na yi bisimilla na ɗauke shi na saka mata. Har ina jin daɗi a raina wai na yi aikin lada, wai za ka dawo ka tarar da 'ya'ya ka ce Malama ta iya kiwo.

Wajen kwana ashirin bayan haka, da safe, na same ta a kwance tana nishi, ciki ya yi mata girma har ba ta iya juyawa. Na sa ta a kwalin takalmi na kai wa likitan dabbobi. Ya duba ta, ya sa na kwatanta masa namijin, sannan ya cire tabarau ya ce, “Mama, wa ya haɗa su?” Da ƙasa za ta tsage da na shige. Shi ya faɗa mini abin da na ƙi ji daga bakinka: manyan hamsta masu launin zinariya ba a haɗa su da ƙanana sam, su kuma ƙananan naka iri biyu ne masu kama da juna. Irin Auduga gashinsu yana fari idan sanyi ya shigo, irin Malam Kumatu ba ya yi, kuma sun fi faɗin kai. Suna iya haihuwa tare, amma 'ya'yan kan zo da kan uba, uwar ta kasa sauke su, waɗanda suka rayu ma da wuya su yi lafiya. Kafin la'asar Auduga ta cika, da 'ya'yan a cikinta. Na naɗe ta a farin hankici na binne ta gindin lemun bayan kicin.

Da a nan laifina ya tsaya, da na iya faɗa maka a waya. Da yammar ranar ka kira ka ce, “Ya mutuniyar tawa?” Na ce lafiya lau, tana ta juya 'yar tayar wasanta. Sau uku kana tambaya a kwanakin nan, sau uku ina maimaitawa. Na ce wa kaina don kada in ƙara maka damuwa kan ta Yaya ne. Ƙarya ce kan ƙarya. Tsoro nake in ragu a idonka, kai da kake ce wa yaranmu uwarku ba ta taɓa faɗar abin da ba shi ba.

Saura mafi muni. Na je shagon dabbobi na zaɓo wata mai kama da ita, na saka a kejin. Sai na tuna Auduga tana da 'yar tsaga a kunnen hagu, wannan ba ta da ita. Astagfirullah, baban yara, idona ya kai kan ƙaramin almakashin da ke teburinka. Ban taɓa shi ba, Allah shaida. Amma na kalle shi! Ni da tun ina riƙe allo aka koya mini dabba amana ce da za a tambaye ni a kanta. Nan na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar da ta mutu. Tun daga ranar, in na tayar da salla sai in rasa raka'a ta nawa nake.

Baƙuwar tana nan ita kaɗai, tana ci tana sha, kunnuwanta lafiya. Ban sa mata suna ba, ba ni da wannan hurumin.

Ya taurarona na asuba, ya ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko, ba na roƙon ka ce ba komai, don akwai komai. Ka yi fushi, haƙƙinka ne. Ka yi mini faɗa da wannan muryar taka da ba ta iya faɗa ba. Abin da ba zan iya ɗauka ba shi ne in ce maka an kira salla ka leƙa taga don ka tabbatar. Shin bakin da ya karkace sau uku a shekara ashirin da shida yana iya miƙewa a kunnenka? Ka yafe mini, don girman Allah, in samu in ɗaga kaina.

Na ba ƙaninka direba takardar nan don ta riske ka kafin ka kamo hanya ranar Asabar. Alfarma ɗaya nake nema: idan ka shigo, kada ka wuce ɗakin kejuna tukuna. Ina nan tsaye a bakin ƙofa, fuskata a buɗe. Ka fara kallona.

Taka jiya da yau, taka har ranar da za a mayar da ni ƙasa,
Uwar 'ya'yanka.