Igiyar Shanya a Ajin Lissafi

Litinin, 3 ga Maris
An ƙwace mini ajin ƙarshe, an ba sabuwar malama, sa'ar 'yata. Ni an tura ni wurin ƙanana. Wai kuma Shugaban makaranta ya ce in riƙa zama a darasinta, ranar Juma'a ta sama in faɗa masa a bar mata ajin ko a dawo mini da shi. Zai ji.

Laraba, 5 ga Maris
Da igiyar shanya ta shigo. Igiya! Ta sa aka ture tebura, tayil ɗin ƙasa ya zama takardar zane. Ta tsayar da yarinya a lungu, wata ta ƙirga tayil tara gaba, sha biyu gefe. Sai da suka lissafo tsawon tsakaninsu a allo, sha biyar, sannan ta miƙe igiyar aka gwada. Cif. Ajin ya ɗauki ihu. Na ce a yi shiru.

Alhamis, 6 ga Maris
Rubutunta a allo kamar tsakurar kaza. Wannan dai na samu.

Talata, 11 ga Maris
Darasin yau: raba layin igiyar nan kashi ɗaya da biyu, wato a samo ɗigon da ke sulusin tsawonsa. Nan nake jiranta. Tun da na fara koyarwa yara ke juya lambobin, ɗigon ya faɗa kusa da wancan ƙarshen. Haka aka yi yau. Na gyara zama.
Ko jan biro malamar ba ta ɗauka ba. Ta ce da ɗalibar da ake kira Sarkin Barci, wadda na daɗe da sallamawa, “Taso ki tsaya inda amsarki ta ce.” Ta je ta tsaya, ta dubi igiyar, ta ce, “Kai, Malama, ai na wuce gida!” Ta koma baya da ƙafarta: uku gaba, huɗu gefe.
Malamar nan ta iya. Abin haushi, ta iya ƙwarai.
Da aka tashi ta ce, “Anti, me zan gyara?” Na ce rubutunki.

Juma'a, 14 ga Maris
Shugaba ya tambaya. Na ce a bar mata. Ya buɗe baki, na ce kada ya ƙara mini ko kalma.

Lahadi, 16 ga Maris
Maigida na ta cigiyar igiyar shanya, jiƙaƙƙun rigunansa a hannu. Na ce ban ganta ba.
Ajin ƙananan ma akwai tayil.