Shagon Walda Bai Zama Ofishin Jam'iyya Ba

Zuwa ga 'yata, uwar Abokina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina buɗe wannan takarda da gaisuwa irin ta uba, da fatan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara duka. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri a can inda kuke, ya tsare ku daga sharrin da kuka sani da wanda ba ku sani ba. Mu nan sai godiya. Gwiwoyina suna nan yadda kika san su, kullum da safe sai na lallashe su kafin su yarda su kai ni ƙofar gida. Idon hagu ya ƙara hazo, likita ya ce a yi haƙuri da shi tukuna. Hannuna kuma yana rawa, saboda haka in kin ga layi ya karkace, ba makarantarmu ce ta gaza ba, shekaru ne. Gwaggonki ta zo duba ni kwanan baya, ta yi mini faɗa a kan rashin cin abinci, ta share ɗaki, ta tafi. In ban da ita da Abokina, gidan nan shiru yake tun rasuwar mahaifiyarki, har nakan ji tafiyar agogon bango ina kwance. Na zaɓi in rubuto miki ne maimakon waya, domin a waya kikan riga ni magana, ni kuma numfashina ba ya kai ni ƙarshen zance.

Dalilin takardar nan shi ne maganar ɗanki na fari, wanda nake kira Abokina, da maganar shagona na walda da ke jikin gida. Kin san shekarun da ya yi yana yawo da takardun digirinsa daga wannan ofis zuwa wancan, har tafin takalminsa ya cinye, ana ce masa ya dawo gobe. Kin san kuma bara ya gaji, ya karɓi makullin shagon da na rufe tun da hannuna ya fara rawa, ya kakkaɓe injin, ya ce in zauna a kujera in koya masa da baki. Ya ƙona yatsu, ya kwana da ciwon ido sau da yawa saboda gardamar sa gilashi, amma hannunsa ya fara zama. Sai kakar zaɓe ta shigo. Mutumin nan na unguwarmu da kowa ke kira Ciyaman, wanda ke tara wa wani ɗan takara matasa, ya zo ya ce shagonmu yana bakin titi, ya dace da ofishin jam'iyya. Ya ce a fitar da injin, a shafa wa ƙofa da bango launin jam'iyyarsu, a naɗa Abokina shugaban matasan unguwa, ya riƙa bin ayarin ɗan takara gari gari. In sun ci, ya ce, akwai kujera tana jiransa a ma'aikatar gwamnati. Da Abokina ya kira ki, kika ce masa wannan ce damar da ake addu'a a kai, kada tsoho ya hana shi. Ban ji haushinki ba. Uwa ce ke, kuma kin sha wahalar karatunsa.

Amma bari in gaya miki abin da na gaya masa, tunda ke ba ki nan. Na ce masa tun ina saurayi nake jin wannan waƙar. Duk kakar zaɓe sai wani ya hau dandamali ya ce zai samar da ayyuka dubu kaza, jama'a su yi ihu, ba wanda zai ɗaga hannu ya tambaye shi wane aiki, a wane ɗaki, wa zai sayi abin da aka yi. Ni na yi aiki a babban garejin gwamnati kafin a haife ki. Lokacin da na shiga, duk wanda ka gani a ciki akwai maiƙo a rigarsa. Kafin in fita, kowane zaɓe ya kawo mana nasa kason: wannan ɗan wane ne, wancan ya yi wa wane ihu. Aka wayi gari masu zama a inuwa sun fi masu riƙe guduma yawa, aka kasa sayen ko sandar walda, daga ƙarshe aka sa wa wurin kwaɗo. Ga abin da na gani da idona, ba a rediyo na ji ba. Gwamnati ba ta haihuwar aiki. Abin da ke haifar aiki shi ne wani yana buƙatar abu, wani kuma ya iya yin sa. Abin da nake nema wurin duk wanda ya ci bai fi uku ba: ya ba mu wutar lantarki da za ta tsaya har a gama haɗa ƙofa ɗaya, ya hana ɓarayi yawo, ya rage mana masu zuwa karɓar harajin da ba mu san sunansa ba. In ya yi haka, ya koma ofishinsa ya zauna, mu za mu ɗauki junanmu aiki.

Abokina ya saurare ni da ladabi, sannan ya ce zamanina daban, yanzu wanda ba shi da kowa a sama ba ya zuwa ko'ina. Ya ce ya gaji da a riƙa nuna shi ana cewa ga mai digiri yana tsugune da gilashin walda. Na ce masa ni dai ƙofar nan tun da na kafa ta ban taɓa bari an manna mata ko fosta ba, saboda mai launi ɗaya ya kori rabin masu kawo masa aiki. Ya yi dariya, ya ce ai tsoho ma tsoron kaɗaici yake ji, ba siyasa ba. Gaskiya ya faɗa, rabi. Na yi tunanin yadda gidan zai koma in ya bi ayari: ba ƙarar injin, ba mai leƙo ni da rana ya ce Aboki ka sha magani kuwa. Duk da haka ban hana shi ba, don namiji ne, kuma shagon na riga na ba shi. Aka tsayar da magana cewa bayan babban gangaminsu za a kawo fenti.

Ranar gangamin ya sa rigar jam'iyya ya tafi, ni kuma na wuni a kujerata ina kallon titi. Da la'asar sai ga shi ya dawo, ba shi kaɗai ba, yana gaba wasu masu kura suna biye da shi, an lodo musu karyayyun kujerun ƙarfe da sandunan rumfa a lanƙwashe. A bayansu wata mata ce, mai ba da hayar rumfa da kujeru, tana tafe tana zagin duk wanda ya ƙirƙiro siyasa. Ashe da ɗan takara ya fara watso huluna da riguna daga kan mota, matasa suka hau kujerunta suna tsalle, wasu suka yi lilo da rumfa, komai ya zube. Abokina ya ce ya tarar da ita zaune a ƙasa cikin tarkacen, kowa ya bi ayari ya bar ta. Damuwarta kuwa ita ce ɗaya jam'iyyar ta riga ta kama waɗannan kayan don nata gangamin cikin makon, masu waldar da ta sani kuma duk sun rufe shaguna sun tafi kamfen. Abokina ya cire rigar jam'iyyar ya rataye a ƙusa, don kada tartsatsi ya huda ta, ya tayar da injin.

Matar nan ba ta da shiru. Tana zaune kusa da ni tana ba ni labari, ta ce ita ba ta da jam'iyya, kujerarta duk wanda ya biya zai zauna. Ta ce sauran kayanta da ke gida an riga an ɗaura musu ƙyallayen ɗaya ɓangaren, su ma suna son gyara, amma ba za ta kai su shagon da ke da launi ba, don yaran kamfen suna iya cinna musu wuta a bakin ƙofa. Ta dubi ƙofarmu mai tsatsa ta ce wannan ita ce ƙofar da ta fi kowace kyau a titin nan. Abokina yana jin ta, bai ɗago ba. Washegari ta kawo sauran, ta kuma turo mai hayar janareto da mai haɗa dandamali. Kafin mako ya ƙare, gaban shagon ya cika har kan titi, kayan wannan jam'iyya jingine da na waccan, ba mai cizon wani.

A cikin wannan hali Ciyaman ya iso da yaransa, ɗauke da gwangwanayen fenti da buroshi. Ya rasa inda zai taka. Ya ce wa Abokina a kwashe wannan shirgin yanzu, musamman na 'yan adawa. Ni ina kujerata, na ƙudurta zan bar masa maganar. Abokina ya kashe injin, ya ɗaga gilashi, ya gaishe shi da girmamawa. Ya ce masa ya gode da tunawa da shi, amma ya karɓi aikin mutane, ba zai iya fitar da injin ba, yau ko gobe. Ya ciro rigar daga ƙusa, ya ninke ta, ya miƙa masa da hannu biyu. Ya ƙara da cewa in suna da abin gyara su kawo, zai yi musu kamar kowa. Ciyaman ya ce zai yi nadama ranar da ake rabon kujeru, Abokina ya ce masa kujeru kam ga su nan sun yi masa yawa. Yaran Ciyaman da kansu suka fashe da dariya. 'Yata, na daɗe ban ji daɗi irin na ranar ba. Na miƙe ba tare da sanda ba, abin da gwaggonki har yanzu ba ta yarda ya faru ba.

Suka ɗauki fentinsu suka shafa wa shagon mai askin da ke ƙetaren titi. Bawan Allah, yanzu rabin unguwa sun daina kai masa kansu, sauran rabin kuma suna zama su cika masa benci suna gardama, ba wanda ya zo aski. Ina tausaya masa, yana da iyali. Abin da zai ba ki dariya, ba a jima ba ƙarfen da aka ɗora lasifikoki a kan motar kamfen ɗin Ciyaman ya karye a rami. Ya zagaya gari, ya dawo ya tsaya a ƙofarmu, ya aiko direba, shi ya zauna cikin mota yana kallon wani gefe. Abokina ya haɗa masa shi da kyau. Da suka tafi lasifikar tana shelar cewa za a kawo ƙarshen zaman banza, na ce to, a nan dai sun fara cika alkawari.

Aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, sai ya jawo abokansa biyu da suka yi makaranta tare, waɗanda a da suke wuni a gindin bishiya. Ɗaya yana yanka ƙarfe, ɗaya yana goge haɗi. Magidanta ne, kowanne yana komawa gida da abin cefane. Ba na ce miki komai ya daidaita ba. Wuta tana ɗaukewa a tsakiyar aiki, kuma na gaya masa zaɓe zai wuce, karyayyun kujeru za su ragu, don haka ya fara nuna wa masu gini irin ƙofofi da tagogin da yake yi. Ya riga ya samu wani da ke son ƙyauren gida. Ni kuma aikina shi ne in ƙwanƙwasa haɗi da sandata in ce ya yi ko bai yi ba, suna ce mini sufeto. Ranar zaɓe in gwiwa ta yarda zan je in jefa ƙuri'ata ga wanda ya fi ƙarancin alkawari. Ban sani ba ko zan ga wani zaɓen bayan wannan, amma hankalina a kwance yake.

Ki gaishe mini da maigidanki, ki ce masa na gode da maganin da ya aiko. Ki gaishe da amaryata 'yar autarki, ki gaya mata in ba ta zo ta gan ni ba, zan sake ta. Ina gaida ƙannen Abokina duka, da surukarki. Gwaggonki da kawunki suna gaishe ku.

Saura roƙo ɗaya. Jiya da kika kira shi, ina kusa, na ji kin tambaye shi ko akwai labarin aiki. Ya dubi hannayensa baƙi ƙirin, ya ce miki ana nan ana nema. Bayan ya ajiye wayar ya daɗe bai tayar da injin ba. Ni na yi nawa, saura naki, domin yabona ba ya kai masa inda naki zai kai. Ki kira shi da rana, lokacin da injin ke ƙara, ki sa masa albarka a kan abin da yake yi. In kuma dangin mijinki sun sake tambayarki ko yaron ya samu aiki, kada ki sunkuyar da kai. Ki ce musu ya samu, har ya ɗauki mutum biyu.

Wassalam. Ni ne mahaifinki mai yi muku addu'a kullum,

Baba