Shagon Wankina da Rijiyar Kamfaninku

Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya. Ya aiki, ya amarya? Mu nan lafiya lau, sai Baban yara da ciwon bayansa da ba ya tashi sai an ce a ɗauki kaya.

Maganar mutanen kamfaninku ce ta sa na rubuto. Ka san jarin shagon wankina shi ne ruwan zafin nan da ke ɓulɓulowa a gindin tsauni, da shi nake wanke zannuwan gadon otal da na asibiti ban sayi gawayi ba. To, tun da suka kafa injin haƙarsu, ruwan da a da ba ka iya tsoma yatsa, yanzu jariri ma sai a yi masa wanka da shi. Kuma ga shi sun kwashe injin, sun ɗaura wa bakin rijiyar wani ƙaton jan famfo, sun sa kwaɗo sun tafi, wai a bar ta ta huta. Ni dai tun da nake ban taɓa jin an haƙa rijiya an ce ta gaji ba. Ruwa ba ya tsami banza. Mai walda na kusa da ni ya rantse bututu suka binne, suna jan zafin zuwa wani wuri.

Kai da kake aikin awo a ofishinsu, ka faɗa mini gaskiya, me suka gani a ƙasan nan?

Ka gaida gida.
Yayarka

Auta,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan kai da iyali kuna cikin ƙoshin lafiya. Saƙonka ya zo, na karanta na maimaita.

Ka ce ruwan sanyin da suka yi ta ɗurawa lokacin haƙa ne ya sanyaya duwatsun ƙasa, dole a rufe rijiyar ta maido zafinta kafin a auna. In zafin ya kai, tururin ya juya inji, gari ya samu wuta ba ɗaukewa. Allah ya sa. Amma jiya wani injiniyanku ya zo yana washe mini haƙora duka, kuma ni ba a yi mini irin wannan fara'a sai ana son wani abu. Ashe wurin shagona suke so, wai ta nan bututun tururin zai bi. Za su ba ni shago a sabon layin bakin kasuwa, da tukunyar lantarki ta dafa ruwa, da wuta kyauta idan tashar lantarkin ta fara aiki. Wannan kalmar “idan” ɗin ce ba ta kwanta mini ba. Baban yara ma ya ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, karo na farko ke nan da muka yi baki ɗaya da shi bana.

Na ce wa injiniyan ba na so. Sai ga naka saƙon kana cewa ka ga awon farko da idonka, in tashi kawai, ba zan yi nadama ba. Duk duniya ba wanda zan bar ruwan nan saboda maganarsa sai kai. Zan tashi.

Allah ya bar zumunci.
Yayarka

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya jikinka, ya gida? Na jima ban ji daga gare ka ba.

Ta wani ɓangaren ka yi gaskiya. An auna rijiyar, an ce zafinta har ya wuce abin da ake nema. Sai kuma aka ce rijiya ɗaya ba ta ɗaukar tasha, sai an haƙa wasu, masu zuba jari kuwa sun ja da baya, ko turken lantarki ɗaya ba a kafa ba. Sun zagaye wurin da waya, har da tsohon shagona, sun ajiye mai gadi. Ruwana ya dawo da zafinsa, da safe daga ƙofar sabon shago ina hango tururinsa yana tashi a banza. Ni kuwa ina nan ina fifita gawayi, tukunyar lantarkin tana kwalinta na ɗora mata kwando. Asibiti sun janye zannuwansu, wai suna ƙaurin hayaƙi. Na roƙi mai gadin ko bokiti ɗaya, ya ce shi ma umarni yake bi.

Duk wannan zan iya haɗiyewa. Amma amaryarka da ta zo, cikin hira ta ce ai kai tun kafin in tashi kake ta neman wani aikin. Ta faɗa ne ba da nufin komai ba, ni kuma maganar ta tsaya mini a wuya. Na zargi mai haƙa, na zargi injiniya, na zargi har mai gadi, ban taɓa kawo ka a raina ba, kai da na goya a bakin ruwan nan ina cuɗa kaya.

Ranar da ka ce in tashi, ka san za su tafi? In ka sani, kada ka amsa mini a takarda, ka zo ka faɗa mini ina kallon idonka. In ba ka sani ba ma ka zo, don zarginka ya fi gawayin nan cin raina.

Ina jiran ka.
Yayarka