Ƙahon da Duna Ya Sani

Wudil, ranar Talata.

Zuwa ga ɗana Ja'afar,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da sa albarka, ina fatan kana lafiya, kai da Barakatu da jikokina. Ya sanyin Mambila? Mu nan alhamdu lillahi, sai tarin nan nawa da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Shi ya sa na ba direban motar shanu takarda, don a waya numfashina ba ya kai ƙarshen magana.

Na ji damisa ta ɗauke maruƙa a garken maigidanka, kana neman dabara. Ashe yau ka tuna ubanka maharbi ne! To, saurara. Kada ka saki karnuka sai ka ga ɗanyen sawu, kuma ka bar iska tana bugun fuskarka. In kiranta za ka yi, ɗaure ɗan akuya nesa da uwarsa, kukansa ya fi kowace busa. In karnuka suka matsa mata bishiya za ta hau, to nan da nan ka busa ƙaho ka janye su daga ƙarƙashinta. Sakin kare kowa ya iya, dawo da shi ne farauta. Ni nawa busata kaɗai suke amsawa. Haka na hore su tun suna ƙanana, don kada wani ya janye min su a taron farauta.

Mu ma kura ta addabi mutanen Achika, sun zo har gida neman taimakona. Mahaifiyarka ta ce in bar wa masu ƙarfi, na ce baƙin karena Duna ba ya fita da kowa sai ni. Jibi za mu je da abokina Muhyiddeen.

Ka huta lafiya. Ni ne mahaifinka,
Haladu.

Wudil, ranar Lahadi.

Ɗana Ja'afar,

Bayan sallama da gaisuwa, da fatan kun wuni lafiya kai da iyali. Rubutun nan ka yi haƙuri da shi.

Duna ya mutu.

Da hantsi ya ɗauki sawun kurar, ya kora ta har bakin wani rami cikin duwatsu. Ka sani kare ba ya bin kura rami ya fito. Na ɗaga ƙaho, sai tari ya turnuƙe ni. Na sake gwadawa, wallahi iska kawai ta fito. Na miƙa wa Muhyiddeen, ya busa har jijiyoyin wuyansa suka tashi. Duna ya tsaya, ya ɗaga kunne, ya waiwayo. Ya ji ba busata ba ce, sai ya shige.

Kurar dai an turara mata hayaƙi an kashe ta. Shi kuwa da muka jawo shi bayansa ya karye, amma da sauran rai. Ya ɗora kansa a ƙafata, a nan ya cika. Na yi kuka a gaban mutane, Ja'afar, ban ji kunya ba. Duna biyayya ya yi mini, abin da na koya masa shi ya yi. Mutanen Achika sun biyo ni da godiya da kaji, na kasa ɗaga ido in dube su.

Saura karnuka biyu, na ɗaure su, kullum suna kuka suna son daji. Su ma ba su san busar kowa ba sai tawa, tawa kuwa ta ƙare. Don Allah ka zo kafin damina, ka riƙa busawa ina tsaye a gefenka har su saba da kai. In ba za ka samu zuwa ba, kada ka ji nauyina, ka faɗa min gaskiya, in nemi wanda zan haɗa su da shi tun ina iya tsayuwa.

Mahaifiyarka tana gaishe ku. Allah Ya yi maka albarka.

Mahaifinka,
Haladu.