Awon Mutum Ɗaya

Inna,

Ina gaishe ki da kyau. Ya ƙafar Baba? Auta ya daina rigimar tafiyata?

Ni lafiya ƙalau, kada ki sa damuwa a ranki. Mu sababbin ɗalibai aka kira karatun lokacin hutu, don mu saba da jami'a kafin tsofaffin su dawo. Sai dai wurin wayam yake. A benenmu ni kaɗai ce. Karatun ba wuya, zaman ne ya gagare ni: in buɗe littafi, in rufe, in leƙa taga, in sake share ɗakin da na share.

Hannuna ne ya fi ba ni haushi. Kin koya masa awon gidanmu, ya ƙi mantawa. Kullum sai in ce yau kaɗan zan dafa, sai in ga tukunya ta cika. Jiya na ɗauke ta ina bi ƙofa-ƙofa ina ƙwanƙwasawa, ba kowa. Mai gadi ma da ya hango ni cewa ya yi, "'Yata, ki yi mini rai, cikin nan guda ɗaya ne!" Na yi dariya, amma da na koma ɗaki sai da na jawo akwatina. Na mayar da shi, kada ki gaya wa Baba.

Ki sa ni a addu'a. Kuma don Allah, yaya ake awon shinkafar mutum ɗaya? Ko da yake ke ma ina kika taɓa sani.

Allah ya bar mana ke.

'Yarki ta fari